Matambayi Ba Ya Ɓata: Sama a Cikin Salula

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a teburina wannan karon kusan duk sama suka nufa, kuma ban yi mamaki ba. Zafi ya kori kowa daga ɗaki. A nan Tawa mun fito da tabarmi tsakar gida, masu soro sun hau soro, in kuma kuran ya tafi da dare, ba abin kallo sai wanda Allah ya shimfiɗa mana bisa kai. Na yi shekaru ina koyar da kimiyya a lakwal, kuma tun kafin salula ta shigo nake kwana ina ƙirgar taurari, har uwargida ta taɓa cewa da sama mace ce da tuni na yi mata kishiya. Ga waɗanda na zaɓa.

Daga wani tela, Bukoki, Yamai: *Malam, daren Juma'a bayan isha'i muna shan shayi a ƙofar shago sai muka ga fitilu a sama, sun fi ashirin, suna bin juna a layi ɗaya kamar ayarin raƙuma, ba ƙara ba hayaƙi. Wani ya ce jiragen yaƙi ne, wani ya ce alamar tashin duniya ce. Mene ne gaskiya?*

Maigida, kwantar da hankalinka ka ƙarasa shayinka. Taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu kai intanet, mallakar kamfanin SpaceX na Amurka. Roka ɗaya kan ɗauki da yawa ta sake su wuri ɗaya, sai su yi 'yan kwanaki suna tafiya a jere kafin kowane ya hau mazauninsa, wajen kilomita 500 daga ƙasa. Tun watan Mayun 2019, da aka harba 60 na farko, mutane ke firgita da su a ko'ina cikin duniya. Ba fitila gare su ba. Hasken rana ne ke dukan jikinsu. Shi ya sa ba ka ganin su sai bayan magariba ko gab da asuba, lokacin da mu nan ƙasa muke cikin duhu amma can sama rana ba ta faɗi ba tukuna.

In kana son ka zama mai ba abokan shayinka labari tun kafin abin ya faru, buɗe shafin Heavens-Above. Ba shi da kwalliya ko kaɗan, sai jadawali da lambobi, amma wannan ne amfaninsa, don ba ya cin forfe kuma yana buɗewa ko rezo na rarrafe. Zai gaya maka ƙarfe nawa da minti nawa abu zai fito, daga wace kusurwa, da tsawon da zai kai a sama. Ka fara da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda za ka ga an rubuta ISS. Ita ce sarauniyarsu: tsawonta mita 109, kusan filin ƙwallo, tana tafiya a kilomita 400 da ɗan wani abu bisa kanmu, gudunta kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin minti 90, wato sau 16 a yini. Tun Nuwamban 2000 ba a taɓa barin ta babu mutum a ciki ba. In ta wuce sai ka ce Zara ce ta tsinke tana tafiya, ba ƙyaftawa kamar fitilar jirgi. A jadawalin, lambar haske in ta yi ƙasa shi ne haske ya yi yawa, don haka wadda aka rubuta -3 ita za ka jira. Tsawo kuma da digiri ake ba da shi: ka miƙe hannu ka dunƙule, faɗin dunƙulen nan digiri 10 ne.

Amma ka ji abin da ya same ni. Ranar da na fara amfani da shafin, na tara maƙwabta, har da limamin unguwarmu, na ce ƙarfe bakwai da minti arba'in tashar za ta fito daga yamma. Muka tsaya wuya a sama. Bakwai da arba'in ta yi, takwas ta yi, ba abin da ya wuce sai jemagu. Liman ya ce, "Mushe, ko dai tana jin kunyar jama'a ne?" Ashe ban gaya wa shafin inda nake ba. In ba ka sa garinka ba, yana ɗaukar kana digiri sifili da sifili, wani wuri a tsakiyar teku kudu da Gana. Saboda haka abu na farko, ka rubuta Niamey a wurin da ake sa gari, ka tabbata agogon ya dace da namu.

Daga wata ɗaliba a jami'a, Tawa: *Mushe, ni tsohuwar ɗalibarka ce. Ƙawata ta saba mini da wani shafi na Faransanci mai faɗin abin da zai same mutum bisa ga ranar haihuwarsa. An haife ni 5 ga Oktoba, sun ce ni "Balance" ce. Wanda ke nemana an haife shi 2 ga Janairu, "Capricorne". Shafin ya ce ba za mu zauna lafiya ba. Abin ya tsaya mini a rai, don sau da yawa abin da suke faɗa a kan halina daidai ne.*

Ɗiyata, na ji daɗi da kika tambaya maimakon ki bar abin yana cin ki. Hukuncin duba a addini kin san shi, malamanki sun fi ni bayani. Ni bari in tsaya a fagena, in nuna miki abin da ke cikin tukunyar.

Buruji 12 da suke lissafi da su tsofaffi ne, malamanmu ma sun san su da sunayen Larabci. Naki shi ne Mizani, nasa Jadyu. Asalin maganar ita ce, ranar da aka haife ki, rana tana gaban wace ƙungiyar taurari. To, buɗe Stellarium, wanda zan yi bayaninsa a ƙasa, ki mayar da kwanan wata zuwa ranar haihuwarki, ki cire hasken sararin don taurari su bayyana, ki duba inda rana take. Ba a Mizani za ki same ta ba. Tana tsakiyar Sumbula, inda take zama daga tsakiyar Satumba har ƙarshen Oktoba. Shi ma saurayin naki, ranar 2 ga Janairu rana tana Ƙausu, ba ta shiga Jadyu sai wajen 20 ga wata. Dalili kuwa, duniya tana layi a kan ƙafarta kamar katantanwar yara in ta kusa faɗuwa, zagaye ɗaya cikin shekara kusan 26,000. A kowace shekara 72 lissafin yana gocewa da digiri ɗaya. An tsara burujin nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, don haka yanzu sun goce da kusan wata guda. Ƙari a kan haka, rana tana ratsa ƙungiya ta 13, wadda Turawa ke kira Ophiuchus, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, amma ba wanda ya ba ta gurbi a jarida.

In kika faɗa wa masu sana'ar haka, za su ce ai su ba da taurarin suke aiki ba, da yanayin shekara suke. To yanayin wa? Na Turai, mai sanyin ƙanƙara da furanni. Mu da muke da rani da bazara da damina da kaka fa?

Saura batun "daidai ne". A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan'adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takarda, kowa da sunansa, ya ce bayanin halinsa ne na musamman. Ya ce su ba ta maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin da suka bayar ya haura 4. Sai ya ce su duba ta juna: magana ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin duban taurari na bakin titi ya tsinto jimlolin. Ni ma na taɓa gwada wannan a ajin ƙarshe, ƙila ma a shekararku. Na rubuta, "Kana son mutane su so ka, amma kana yawan zargin kanka. A waje kana nuna ƙarfin hali, a ciki kana da damuwar da ba ka faɗa." Wani yaro har ya biyo ni bayan aji yana tambaya wa ya ba ni sirrinsa. Wa ke raye da wannan magana ba ta hau kansa ba? Riga ce mai faɗi, duk wanda ya sa sai ta yi masa.

Kuma ki lura, wasu shafukan irin wannan da suka karɓi ranar haihuwa sai su nemi lambar salula, daga nan kiredi ya fara zurarewa ba ki san ta ina ba. Shi kuwa yaron, ki sa a bincika miki yadda yake da mahaifiyarsa, da yadda yake in ransa ya ɓaci, da ko yana biyan bashi. Kawunki zai gano wannan cikin mako guda.

Daga wani matashi, Keita: *Malam, kakana ba ya shuka sai ya yi lissafin taurari. Yakan ce yau Zira'a ta shiga, ko Nasara ta fita. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ni kuma ban san ko ɗaya a sama ba sai Kaza da 'ya'yanta. Akwai inda zan koya? Kuma shin wannan ba duba ba ne?*

Ɗana, wannan ce wasiƙar da ta fi faranta mini rai. Ba duba ba ne, kalanda ce. Kakanka ba cewa yake tauraro na kawo ruwa ba, cewa yake in tauraro kaza ya kai wuri kaza, shekara ta kai lokaci kaza. A Suratu Yunus, aya ta 5, an ce an sanya wa wata masaukai domin mu san adadin shekaru da lissafi, a Suratun Nahli kuma, aya ta 16, an ambaci masu gane hanya da tauraro. Masaukan nan 28 ne, malamai na ce musu manazili. Kowane yana da kwana 13, sai Jabha mai 14, ka tara ka samu 365. Bakwai-bakwai aka raba su ga yanayi huɗu, na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Ka ga hikimar: watan Musulunci yana da shekara mai kwana 354, yana zagayawa, ba ya gaya wa manomi lokacin shuka. Taurari kuwa suna tafiya da shekarar rana.

Abin da za ka nema sunansa Stellarium. Wani Bafaranshe, Fabien Chéreau, ya fara shi a 2001, kyauta ne, akwai na kwamfuta, akwai na salula, akwai wanda ake buɗewa kai tsaye a intanet. In ka sauke shi sau ɗaya, ba ya ƙara neman rezo, ko a gona kake. Zai nuna maka sararin garinku a daidai wannan minti, ka taɓa tauraro ya gaya maka sunansa, ka tura lokaci gaba ko baya yadda kake so. In Faransanci ya fi maka sauƙi, shafin Stelvision ma yana da taswirar sama ta kowane dare da bayani mai sauƙi.

Ka fara daga abin da ka sani. Kaza da 'ya'yanta ita ce Surayya ta malamai, a manhajar za ka ga Pléiades. Ido mai kyau yana ganin shida ko bakwai, alhali sun fi dubu, kuma hasken da kake gani ya baro su tun shekara 440 da suka wuce. A watan Nuwamba tana fitowa gabas da magariba, zuwa ƙarshen Afrilu ta gangara yamma ta ɓace cikin hasken rana, sai a watan Yuni ta sake leƙowa gabas kafin asuba, daidai lokacin da hankalin manomi ya koma kan hadari. Jan tauraron da ke bin ta a baya shi ne Dabaran, ma'anarsa ma ke nan, mai bi, kuma Turawa ba su canza sunan ba, Aldébaran suke cewa. Gaba kaɗan akwai taurari uku a jere cikin wani babban murabba'i, Orion ke nan, Haƙ'a kuwa 'yan ƙananan taurari uku ne a kansa. Zira'a su ne tagwayen nan masu haske, Castor da Pollux. Nasara ba tauraro ɗaya ba ce, wani ɗan hazo ne kamar an hura gari a baƙin zane, sai dare ya yi duhu sosai ake ganin ta. A Stellarium na kwamfuta akwai wurin da za ka sauya sunayen zuwa na wasu al'ummu, har da manazilin Larabawa. Na duba jerin ban ga Hausa ba, abin ya yi mini ciwo.

Shi ya sa zan roƙe ka abu guda. Kada ka je wa tsohon nan da salula kana nuna masa ka fi shi. Ka zauna kusa da shi da littafi da biro, ya faɗi suna da abin da ake yi a lokacinsa, da karin maganar da ke tafe da shi, kai kuma ka nemo shi a sama ka rubuta sunan da manhajar ta ba shi a gefe. Wani tsoho Ba'abzine da muka taɓa kwana a tasha ɗaya a Abalak ya nuna mini Orion ya ce su Amanar suke ce masa, wato jagora, taurari bakwai na arewa kuma raƙuma ce, Talamt. Ban rubuta sauran ba, na ce sai wani jiƙon. Ban ƙara ganin sa ba.

Game da ruwan kansa, ka haɗa da hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai ke fitarwa. Tun 1974 aka kafa ta, tana kuma aiki da hotunan tauraron ɗan'adam.

Daga wani ladan, Madawa: *Malam, yara suna nuna mini wata a salula suna cewa ya tsaya, alhali mun duba ba mu gani ba. Wa za a bi?*

Allah ya gafarta malam, watan cikin salula ba shaida ba ne. Manhaja tana zana shi ko da ido ba zai iya kama shi ba. Wata yana cika zagayensa cikin kwana 29 da awa 12 da minti 44, kuma lissafi ya san sa'ar haihuwarsa daidai, amma haihuwa daban, ganuwa daban. In tazararsa da rana ba ta kai digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa, kuma da wuya ido ya kama wanda bai kai awa 15 da haihuwa ba. Ga ƙura ga hazo. Akwai ƙungiyar masu duban wata ta ƙasashen Musulmi, ICOP, wadda aka kafa a 1998, tana fitar da taswira mai launi kowane wata, tana nuna inda za a iya gani da ido, inda sai da madubin hangen nesa, da inda ba zai yiwu ba. Amfaninta gare ku shi ne ku san daren da ya cancanci a fita da kusurwar da za a zuba wa ido. Sanarwa kuwa ta Majalisar Addinin Musulunci ce.

Tunda ladan ne kai, ga tsaraba. Ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, rana tana tsaye daidai bisa Ka'aba. Ka kafa sanda a miƙe, ka ja layi a kan inuwarta. Ka tsaya a kan layin ka fuskanci sandar, alƙibla ke nan. A yankinmu za ka ga gabas ce mai ɗan karkata arewa.

Daga wata malamar firamare, Lazare, Yamai: *Yaushe za a sake husufin rana a Nijar, kuma yaya zan nuna wa yara ba tare da idonsu ya lalace ba?*

Malama, shafin timeanddate ne abokinki. Ki sa sunan gari, ya ba ki jerin husufin rana da na wata na shekaru masu zuwa, da lokacin farawa da ƙarewa, har da hoto mai motsi na yadda rana za ta ciwu. Ki riƙe 2 ga Agustan 2027. Cikakken duhun zai bi ta Maroko, Aljeriya, Libiya, Masar, ya ratsa Jidda da Makka, kusa da Luksor ta Masar ya yi minti 6 da daƙiƙa 23. Mu nan wani ɓangare za mu gani, in hadarin Agusta ya bar mu. Sai 20 ga Maris 2034, wanda zai bi ta Legas ya wuce Cadi.

Na 29 ga Maris 2006 ba na manta shi. Laraba ce da hantsi. Mutanen wajen Maraɗi sun ga duhu sosai, mu a Tawa rana ta koma kamar lauje, iska ta yi sanyi, haske ya zama wani iri kamar na mara lafiya. Ina ƙoƙarin hana yara kallon sama, sai wata yarinya ta ja ni da riga ta nuna ƙasa. Ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar lakwal, duk ɗigon hasken da ke ratsowa ta ganye ya zama ɗan jinjirin wata, ɗaruruwa, suna rawa a kan rairayi. Wannan ita ce hanyar da ta fi aminci. Ki huda kwali da allura, yaro ya juya wa rana baya, hasken ya sauka a kan farar takarda. Mataci mai huji-huji ma yana yi. Baƙin tabarau na kasuwa, gilashin da aka turara da hayaƙi, hoton ƙashi na likita, kwanon ruwa, duk ba sa karewa, kuma ƙunar ido ba ta zafi sai ta gama ɓarna. Tabarau na husufi na gaske yana ɗauke da lambar ISO 12312-2.

Ki kuma gaya musu abin da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya faɗa ranar da husufi ya dace da rasuwar ɗansa Ibrahim, cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Daga wani Alhaji, ɗan kasuwa, Konni: *Yarana sun ƙare mini forfe a kallon raye-raye. Akwai abin da zai nishaɗantar da su ya kuma amfane su?*

Alhaji, ba na alkawarin za su bar rawa, amma gwada wannan. Hukumar NASA, mai binciken sararin samaniya ta Amurka, tana da shafi mai suna APOD, hoto ɗaya kowace rana da ɗan bayani daga masani, tun 16 ga Yunin 1995, kuma akwai masu fassara shi zuwa Faransanci da Larabci. Hoto ɗaya ne, ba ya cin komai. A gidana bayan sallar isha'i ake buɗe shi, kowa ya yi hasashen mene ne kafin a karanta. Da yawa daga cikin masu ɗaukar ido daga madubin Hubble suke, wanda aka harba a 1990, ko James Webb, da ya tashi ranar 25 ga Disamban 2021 yake zaune kilomita miliyan 1.5 daga nan. NASA Eyes kuma kamar wasan kwamfuta ne, yaro ya tuƙa kansa zuwa duniyar Mirrihu ko ya zagaya zoben duniyar Zuhal, amma shi kam yana shan mega, a bari sai inda akwai wifi.

Babban cikinsu ka nuna masa Galaxy Zoo, inda masana ke neman taimakon kowa wajen rarrabe hotunan taurari masu nisa. A 2007 wata malamar firamare 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta ga wani baƙon abu a cikin hoto ta tambaya mene ne, har yau da sunanta ake kiran sa. In sun ce wannan aikin Turawa ne, ka ba su labarin Cheick Modibo Diarra na Mali, wanda ya yi aiki a kan kumbon Pathfinder da ya sauka Mirrihu a 1997. In kuma hali ya yi, ka sayo musu madubin hangen nesa na ido biyu, wanda aka rubuta 10x50. A dafa shi a kan katanga a duba duniyar Mushtari, za su ga 'yan ɗigo har huɗu a gefensa, watanninsa da Galileyo ya gani a 1610. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba kuma a sa rigar sanyi a kwanta a waje, ruwan taurari masu wutsiyar wuta ake yi, in hazo bai rufe ba.

Daga wani direba, Abalak: *Na tsinci baƙin dutse mai nauyi a daji. Na ji an sayar da irinsa da miliyoyi. Ya zan gane?*

Ƙanena, labarin da ka ji gaskiya ne. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani dutse a jihar Agadas, nauyinsa kusan kilo 25, aka tabbatar ɓallen duniyar Mirrihu ne, aka sa masa lamba NWA 16788. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a Niyok kan dalar Amurka miliyan 5.3. Gwamnati ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, don haka kada wani dillali ya ruɗe ka.

Dutsen sama yakan fi na ƙasa nauyi, yana da siririyar baƙar fata kamar ƙonanniya, wani lokaci da lotsawa kamar an danna yatsa a cikin tuwo, kuma ba ya da ramuka irin na soso. Yawancinsu maganaɗisu yana kama su, ko da yake na Mirrihu da ƙyar. Kada ka fasa shi, kada ka wanke shi, ka ɗauki hoton wurin da ka same shi. Shafin Meteoritical Bulletin yana da rajistar duk waɗanda aka tantance, ka rubuta Niger ka gwada da hotunan da ke ciki. Tabbaci dai sai ɗakin bincike, ka nemi sashen ilimin ƙasa na jami'a ko ma'aikatar ma'adinai.

Ni ma na taɓa tsinto wani a hanyar Tabalak, na naɗe shi a rawani na kai Yamai ina lissafin mota a zuci. Masanin ya juya shi sau biyu ya ce marmara ce mai ƙarfe, irin wadda ta cika tudun Adar. Yana nan gida, uwargida na tokare ƙofar madafa da shi.